Madugu Gwanki da Ayarin Gwanja

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A zamanin da dabbobi ke fatauci, tun kasuwar Salaga tana ci, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, kafin kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya rage wa jakuna aiki, an yi wani madugu a birnin Kano ana ce masa Toron Giwa. Duk hanyar Gwanja babu zangon da bai kwana ba. Da tsufa ya kama shi, gwiwoyi suka ƙi, sai ya kira babban yaronsa Gwanki, wanda ya daɗe yana riƙe masa buta da sanda, ya ce, "Ɗana, bana kai za ka ja ayari. Kaka ta yi, hanya ta bushe. Je ka nemi mutanenka. Amma kafin ka ba kowa goron ɗauka, ka zo mu yi magana."

Gwanki ya sa aka yi shela a kasuwar Kurmi. Kwana uku zaurensa bai rabu da jama'a ba. Kowa ya zo da kirarinsa, kowa ya taɓa kashe ɗan fashi, kowa ya san Gwanja ciki da bai. Ran na huɗu ya tafi wurin ubangidansa yana murna.

Ya ce, "Baba, na gama. Na ɗauki Mazo da Kanki da Mariya da Gada da Barewa. Dukansu dangina ne, harshenmu ɗaya, ko ido na ƙifta sun gane. Gizo zai zama jagaba, don ban taɓa jin mai daɗin baki irinsa ba. Kura kuma za ta riƙe tsaro."

Giwa ya yi shiru har Gwanki ya fara tsarguwa. Can ya ce, "Ajiye sunayen nan tukuna. Ƙirga mini hanya."

"Hanya kuma, Baba? Ai tare muke binta."

"Kana binta a bayana. Yau ƙirga ta kana gaba."

Gwanki ya fara. A fita ta Ƙofar Kabuga, a ratsa dajin Zamfara, a sauka Jega a ci kasuwa.

Giwa ya ce, "Tsaya nan. A dajin Zamfara, in dare ya raba, wa yake farke?"

Gwanki ya duba mutanensa a zuci, ya ga duk masu gyangyaɗi ne in sun gaji.

"Ci gaba."

A haye Kwara wajen Ilo.

"Wa zai yi cinikin fito da masu jirgi, ya san in sun tsawwala?"

A shiga ƙasar Bargu, a bi ta Kandi a sauka Zugu.

"Kowane sarki a nan yana jiran rabonsa, a bayan gari kuma masu kwari da baka suna jiran nasu. A cikin danginka wa ke jin Dandanci, wa ke jin Barganci? In aka ce ku biya zambar goma, wa zai zauna tun hantsi har la'asar ya mai da ita zambar huɗu ba tare da an ɓata ba?"

Gwanki ya yi shiru. Giwa ya ƙarasa masa da kansa. Ya ce daga Zugu a nufi Yandi ta Dagwamba, sannan Salaga, inda ake sauke kanwa da gabu da jan fata da baƙin rini, a ɗauko goron da ake kawowa daga kurmin Asante. Ya ce zuwa da dawowa wata shida ne in an yi sa'a, wani lokaci shekara. Sannan ya ce, "A dawowa kuwa kayanka mai rai ne. Goro yana jin ƙishi, yana ciwo, ɗaya ya kamu ya shafa wa huhu duka. Wa ka ɗauka dominsa?"

"Babu, Baba."

"To ka ɗauki kanka sau biyar ke nan. Danginka nagari ne, ban ce ba. Amma abin da ka gani shi za su gani, abin da ya ɓace maka ya ɓace musu. Kara ɗaya zai karye a daji ku firgita tare, ku gudu gefe ɗaya, ku bar jakuna da kaya. Fara rubuta ayyukan da hanya za ta nema. In ka gama, ka nemi mai kowane aiki, ko da ba ka son ganin fuskarsa."

Gwanki ya koma gida jiki a sanyaye. Ya kira Malam Kunkuru, wanda ya daɗe yana riƙe wa Giwa lissafi, suka rubuta ayyukan a allo ɗaya bayan ɗaya. Kashegari ya sake tara masu nema, ya ce ya ji bakin kowa, saura ya ga hannu, don sai an gwada akan san na ƙwarai.

Masu son riƙon kaya aka ba kowannensu ƙwaryar goro, wato ɗari cif, manya-manyan marsa a naɗe cikin ganyen fita. Aka ce ajiya ce, a dawo da ita bayan kwana bakwai. Lokacin hunturu ya fara busawa. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne a tsakiyar kowane ƙunshi Malam Kunkuru ya tura goro ɗaya mai sankara.

Ran bakwai Barewa ce ta fara isowa, da gudu, ƙunshinta a ɗaure yadda aka ba ta. Ko kwance shi ba ta yi ba, wai don kada a zarge ta. Da aka buɗe, ganyen ya bushe ƙayau, goron ya yanƙwane, sankara ta ci wajen ashirin. Kura ta zo da tamanin da takwas da dogon labari na ɓarayin da suka haura mata katanga, ta yi ta fama da su har asuba. Gizo ya kawo ɗari cif suna sheƙi. Jama'a har sun fara yaba masa, sai Malam Kunkuru ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya auna a tafin hannu, ya ce marsa ya bayar, minu aka dawo masa da shi. Ashe Gizo ya sayar da manyan a Kurmi, ya sayo ƙanana ya cike lissafi, ya soke rarar.

Sai da rana ta kusa faɗuwa Bushiya ta iso, tana jan ƙunshinta a hankali. Ta durƙusa ta gaida Madugu, ta kwance. Ganyen sabo ne, ɗanye shar, da ɗan danshi. Goro casa'in da tara a jere, kowanne fatarsa a miƙe. Sannan ta ciro wani ɗan ƙulli daban daga cikin ƙayoyinta ta ajiye gefe.

Ta ce, "Madugu, wannan ba shi da lafiya. Daren farko na buɗe na tsince su ɗai-ɗai, na ga ɗan huji a gindinsa da gari-gari a bakin hujin, na ware shi. Ban yar ba, don ba nawa ba ne. Ganyen kuma na sake shi sau biyu, na ci bashin wuri goma sha biyar wurin mai fita, in za a biya."

Aka biya ta nan take, aka ba ta riƙon goron ayari duka.

Malam Dila ya zo neman aikin jagaba. Gwanki yana tsoronsa, don ya san Dila ya fi shi wayo nesa ba kusa ba, kuma shugaba sabon hawa ba ya son na ƙasa da shi ya fi shi. Ya kai kukansa wurin Giwa. Giwa ya ce, "In duk ayarin babu wanda ya fi ka sanin wani abu, me ka ɗauke su su yi maka? Aike shi kasuwa ka gani." Aka ba Dila kuɗin akumari ashirin. Ya dawo da ashirin da biyu, ya zube ragowar wuri a gaban Kunkuru, ya ce, "Na cire la'adata, wuri hamsin, ga lissafin. Ni ba na aikin banza, gara ku sani tun a gida." Gwanki ya ga wanda ya faɗi abin da ya ɗauka da bakinsa ana iya zama da shi. Suka yanka masa rabonsa a fili, da sharaɗin duk cinikin da ya ƙulla sai ya biyo ta allon Kunkuru.

Aikin dare kuwa babu wanda ya nema sai Mujiya. Da ta sauka a bakin zaure sai wuri ya yi tsit, wasu suna tofa addu'a, wasu suna cewa tsuntsuwar mayu ce, tafiya da ita mugun fata ne. Gwanki ya ce ta kwana kan katanga, da safe ta faɗa masa abin da ya wuce. Da asuba ta same shi shi kaɗai, ta ƙirga masa komai: ɓera uku, kare ɗaya, mai gadin maƙwabta da ya yi barci. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Ƙanenka Mazo ma ya shiga rumbu ya ɗebi gabu. Na ga gara ka ji daga bakina kai kaɗai." Gwanki ya ji zafi, amma ya ɗauke ta, ya bar Mazo a gida. Ya ɗauki Ɓauna saboda ƙarfi, Gwaggon Biri ya zama uban dawaki mai tara kuɗin fito, Dinya 'yar bakin Kwara ta shigo saboda sanin ruwa. A danginsa Barewa kaɗai ta samu shiga, ita ma a matsayin 'yar aike, don riƙon goro ba nata ba ne amma babu mai kama ƙafarta.

Saura maganar Kura. Giwa ya ce, "Kada ka tambayi wanda ya aiko ta, kada ka tambayi wanda ta ce a tambaya. Tafi turken jakuna. Wanda ya yi tafiya a ƙarƙashin mutum shi ya san shi."

Gwanki ya tafi turke da daddare, ya sami wani tsohon jaki mai suna Auraki, wanda gadon bayansa duk tabon akumari ne. Ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi. Auraki ya waiga hagu da dama, ya ce, "Madugu, sau biyu ina tafiya da ita a ayarin wasu. Gaban manya ba ta da laifi. Amma duk ayarin da ta tsare wa baya, wanda ya yi ɗingishi ba ya kai zango. Iyakar abin da na sani ke nan."

Gwanki ya ƙudura ba zai ɗauke ta ba. Kashegari sai ga aike daga attajiri Kada na bakin Jakara, da goro da turare, wai yana son ganinsa. Kanwar Kada ita ce sulusin kayan ayarin. Gwanki ya je ya faɗi ya yi gaisuwa.

Kada ya ce, "Yaro, na ji kana gwaje-gwaje, madalla. Kura 'yar gidana ce, a hannuna ta tashi. Ka yi mini alfarma ka tafi da ita, ta riƙa duba mini kayana."

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar magana a kanta..."

"Magana ba ta ƙarewa a duniya. Ni na tsaya mata. Ko tsayawata ba ta isa ba?"

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ko ofis ko makaranta ya san nauyin irin wannan aike, ya san yadda harshe ke yin nauyi a gaban mai ƙarfi. Gwanki ya ce, "Ta isa, ranka ya daɗe." Da ya gaya wa Giwa, tsohon ya ce, "Ayarinka ne. Ka ji abin da jakuna suka ce, ka ji abin da Kada ya ce, ka zaɓa. Allah ya kiyaye hanya."

Ranar da aka karanta sunaye, Gizo ya tsaya bakin zaure yana ɗaga murya da tsamin bakinsa: "Ni da na kawo ɗayi cif an koye ni, ita da ta kawo tamanin da takwas an ɗauke ta!" Aka yi dariya aka kore shi. Jakuna ba su yi dariya ba. Korar Gizo daidai ce, amma kowa a wurin ya gane cewa gwajin nan yana da ƙofar baya, kuma mai uba a gindin murhu ya san inda take.

Malam Kunkuru ya duba rana, ayari ya fita ta Ƙofar Kabuga, jakuna sittin a jere, ganga na tashi. Kafin a ɗaga, Gwanki ya sa an faɗa wa kowa aikinsa da rabonsa a gaban kowa, don kada a je tsakiyar daji a fara gardama. Ya kuma kafa wata al'ada: duk zangon da aka sauka, bayan an ci tuwo, a zauna a faɗi abin da aka gani a yinin, kuma ƙanana su fara magana kafin manya, don in babba ya riga ya faɗi nasa, ƙarami sai dai ya ce haka ne.

Kwanakin farko zaman ya yi albarka. Wani jaki ya ce igiyar mangalarsa tana cin sa, aka gyara. Dinya ta ce ruwan rijiyar gaba yana da ɗaci, a cika salka tun a nan. Dila da Kunkuru kullum sai sun yi cacar baki, wannan yana cewa lissafi na ɓata masa lokaci, wancan yana cewa gaggawa aikin shaiɗan, amma ko wuri ɗaya bai ɓata tsakaninsu ba. Wasu suka fara gunaguni a kan Bushiya, wai tana cin tuwon banza tunda babu goro a tafiyar zuwa. Gwanki ya ce a bar ta, ranarta na zuwa.

A tsakiyar dajin Zamfara wani ɗan jaki mai suna Duna ya taka ƙaya, ya fara ɗingishi, ya koma baya. Da aka sauka zango babu shi. Kura ta ce ya ratse ne neman ciyawa, ta yi ta kira bai amsa ba, har da share hawaye.

Da asuba Mujiya ta sami Gwanki. Ta ce, "Madugu, jiya da dare ya raba Kura ta fita ta koma ta hanyar da muka biyo. Ta dawo kafin kiran salla, ta tsaya bakin rafi ta daɗe tana wanke baki."

"Kin ga ta kashe shi?"

"Ban gani ba. Abin da na gani na faɗa."

Gwanki ya tuna da Kada da kanwarsa. Ya ce, "To ki riƙe bakinki sai mun ga abin da hali ya yi."

A nan ya yi kuskuren da ya fi na zauren Kada girma. Ɗaukar Kura an tilasta masa, amma toshe bakin Mujiya shi ya zaɓa. Ya ɗauke ta don ta faɗa masa abin da ba ya gani, ranar da ta faɗa kuma ya ce ta yi shiru.

Kura ta ji ƙishin-ƙishin. Ta riga kowa, ta bi ayari tana raɗa cewa tun da aka ɗauko mayyar nan ta san sai an rasa rai, kurwar Duna aka kama. Magana ta bazu. Aka daina cin abinci kusa da Mujiya, in ta sauka a reshe sai a matsa. Gwanki yana ji yana gani bai ce komai ba.

Zaman dare kuma ya mutu. In aka ce ƙanana su fara, sai jakuna su ce lafiya lau. Kullum lafiya lau. Gwanki har ya fara jin daɗi, yana zaton ayari ya daidaita. Amma tafiya ta riƙa ja baya, zangon da ake kaiwa da azahar sai a kai shi da magariba. Aka ci kasuwar Jega aka wuce. Kwana biyu kafin Kwara, wani ƙaƙƙarfan jaki mai suna Goho ya faɗi da kaya a tsakiyar hanya. Bushiya ta matso ta ce a ɗaga akumarin. Da aka ɗaga sai wari ya bugi kowa. Miki ne faɗin tafin hannu, ya ruɓe har ya yi tsutsa, an cusa masa tsumma an rufe.

Gwanki ya ce, "Goho, tun yaushe? Me ya hana ka faɗa?"

Goho ya kau da kai. Bushiya ta bi sauran jakunan tana ɗaga akumari ɗaya bayan ɗaya, ta sami goma sha ɗaya da miki, kowa ya ɓoye nasa. Aka wanke wa Goho, aka raba kayansa, aka ce ya biyo a hankali. Daren nan shi ma bai kai zango ba.

Gwanki ya tafi wurin Auraki, ya tsuguna a gabansa. Ya ce, "Baba Auraki, don Allah me ke faruwa a ayarina?"

Auraki ya ce, "Madugu, wanda ya ce yana ciwo za a rage masa kaya a mai da shi baya. Ka san wanda ke baya. Shi ya sa kowa ya gwammace ya ruɓe a tsaye. Ka zo turke a Kano ka tambaye mu, muka faɗa maka. Wadda ka ɗauka don ta gani ta gani, ta faɗa maka. Me ya rage mu ƙara?"

Gwanki bai runtsa ba. Ya kira Mujiya da Ɓauna, suka koma ta hanyar da aka biyo, Mujiya na gaba. A gindin wata tsamiya ta sauka. Ɓauna ta tona da ƙaho, sai ga akumarin Goho da kofato biyu.

Da aka isa bakin Kwara, kafin a yi maganar jirgi, Gwanki ya tara ayari duka a gaban sarkin zango. Ya ajiye akumarin da kofatan a tsakiya. Kura ta fara rantse-rantse, ta ce a tuna ko 'yar gidan wa ce. Gwanki ya ce ya tuna. Ya sa Malam Kunkuru ya ƙirga kanwar Kada taiki-taiki a gaban shaidu, aka rubuta. Ya sa aka lissafa ladan Kura na kwanakin da ta yi, aka riƙe shi don iyalan mamatan. Ya ce ba za ta haye ruwan nan tare da su ba. Kunkuru ya rubuta wasiƙa da ajami zuwa ga Kada, an faɗi abin da ya faru ba ragi ba ƙari, Barewa ta karɓa ta juya Kano da gudu.

Sannan Gwanki ya juya wurin jakuna. Ya ce, "Duna da Goho alhakinsu yana wuyana. An faɗa mini tun a gida, na ji kunyar mai dukiya na ƙi ji." Ya juya wurin Mujiya ya ce, "Ke kuma kin yi aikinki, na bar ki a bakin mutane. Ki gafarce ni. Daga yau duk wanda ya kira ta mayya, da ni yake." Daren nan ya ɗauki akushinsa ya tafi gindin itacen da take, ya ci tuwonsa a nan kowa na gani.

Ɓauna ta koma tsaron baya. Aka kafa doka cewa mai ciwo tsakiyar ayari za a sa shi, kuma rabonsa ba zai ragu ba. Ba a daren farko jakuna suka saki baki ba, sai da suka ga an yi wa mutum biyu haka, sannan zaman dare ya farfaɗo.

Dinya ta yi cinikin fito da masu jirgi cikin harshensu, aka haye lafiya. A Bargu Malam Dila ya riƙa riga ayari da yini guda, ya gaida sarki da turmin baƙi da ɗan gabu, ya zauna ya yi ta ja har a sauko, Gwaggon Biri ya bi kan fatake ya tara, Kunkuru ya rubuta. Suka wuce Zugu da Yandi, suka sauka Salaga, garin rijiyoyi, suka sayar suka saya.

Da aka juyo, sarauta ta koma hannun Bushiya. Bayan 'yan kwanaki kaɗan sai ta ce a tsaya. A sauke wagage, a kwance, a baje goro a inuwa, a tsince shi ɗai-ɗai, a ware mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Aikin yini guda ne cur, kuma ba ta yarda a yi shi da ka. Wata rana Dila ya zo da labarin cewa wani ayari yana gabansu da kwana biyu, in suka riga su shiga Jega za su karya farashi, don haka a tsallake tsinta ɗaya. Bushiya ta ce ba za a tsallake ba. Aka kai magana gaban Madugu. Gwanki ya ce, "Malam Dila, in maganar sarakuna ce da hanya, taka nake bi ko ban gane ba. Wannan maganar goro ce." Aka sauke kaya. Dila ya yi fushi na yini ɗaya, da yamma aka gan shi yana taya ta yayyafi.

Tsakanin Zugu da Kandi Kura ta dawo, da 'yan'uwanta wajen goma. Ta san tsarin ayarin, ta san inda masu rauni ke kwana, sai dai tsarin da ta sani an sake shi. Tun suna nesa Mujiya ta hango idanunsu, ta yi kuka uku, kuma wannan karon babu wanda ya tsaya tofa addu'a. Auraki ne ya ba da shawarar da aka bi, a zaman dare ya kawo ta tun a Yandi: kaya da marasa lafiya a tsakiya, jakuna su kewaye su suna ba daji baya. Kurayen suka faɗo ta baya inda suke zaton taushi, suka tarar da ƙahon Ɓauna da kofato sama da ɗari. Kafin gari ya waye sun watse, Kura na jan ƙafa.

Ayarin da ya riga su ya shiga Jega da goro rabi a ruɓe. Na Gwanki ya iso a makare da kaya lafiyayye, dillalai suka yi ta rububi. Haka aka yi a Kano.

Gwanki bai sauka gidansa ba sai da ya fara zuwa gaida Giwa. Ya fara ba shi labarin riba, tsohon ya ɗaga hanci ya tsai da shi.

"Jakuna nawa ka fita da su?"

"Sittin, Baba."

"Nawa suka dawo?"

"Hamsin da takwas. Biyun ba hanya ce ta ci su ba, ni ne."

Giwa ya ce, "To je ka gidajensu kafin ka je gidan kowa."

Ya je. Ya kai wa uwar Duna da matar Goho cikakken rabon mamatan, da ladan Kura da aka riƙe, da wani abu daga nasa. Ranar rabo aka ba Mujiya daidai da jagaba, aka ba Bushiya daidai da uban dawaki, babu wanda ya ɗaga murya.

Kada ya karɓi kuɗin kanwarsa da ribarsa cif, ya ƙirga sau biyu, bai ce an gode ba. Da kaka ta zagayo ya janye dukiyarsa ya ba wani madugu, ya haɗa shi da Kura. Ayarin Gwanki na shekara ta biyu ya fita da kaya kaɗan, bai kai na bara ba. Amma jakuna hamsin da takwas ɗin nan duka sun dawo turkensa, ba wanda ya aika a kira su, kuma Auraki ya zo da ƙannen Duna biyu ya ce a rubuta sunansu.

Ƙurunƙus kan kusu.